Wanda Yake Faɗuwa

Kowace shekara in an ɗaure dawa,
an kai riɗi Birnin Kudu an dawo da canji,
mukan share filin makarantar Kiyako
mu sake yaƙin da kakanni suka yi a Garwa.
Bindigar kara, harsashin ƙwallon goruba,
kakin da Malam Jibo ya tsinto a gwanjo.
Kowa so yake a sa shi cikin masu nasara.
Nomau mai facin keke kaɗai ke ɗaga hannu:
ni ku bar mini Jamus.

Hularsa shi ya ƙera abarsa,
gwangwanin madara, da tsinin tsohon mazurari,
ya shafe ta da baƙin gindin tukunya.
Gemun masara ya manna da ƙaro a leɓe.
Kalma uku ya iya ta Jamusanci,
a rediyo ya tsince su, bai san fassararsu ba,
amma in ya daka su a tsakar fili
har awakin Ɗanlami sai sun watse.

Ana tashi wasa, kowa ya tuɓe kakinsa.
Shi nasa ba ya tuɓuwa.
Yara na bin sa har bakin rijiya:
Bajamushe, Bajamushe, ina hularka?
Iya Tabawa takan ba shi ƙosan ƙasan kasko,
wai ubanta ya sha ba ta labarin mutanen nan.
A gindin tsamiya Barau ya karkace hula:
labarin zuciya a tambayi fuska,
mutum bai zaɓi rigar maƙiyi a banza ba.
Liman ya ce wasa ne, ku bar yaro.
Aka ce to. Ba a bari ba.

Ni ne mai harbe shi.
Shekara bakwai ina ɗaga kara in ce tau,
shi kuma ya iya mutuwa:
gwiwa tukuna, sannan kafaɗa,
hular ta gangara har gindin turken ƙwallo,
mata su rangaɗa guɗa, ni a ɗaga ni sama.

Wata rana yana laluben huji a tayata,
ya danna roba cikin kwanon ruwa yana jiran kumfa,
na ce, Nomau, me ka gani a Jamus?
Bai ɗago ba.
Ya ce, kakan babana, Jatau, fatauci ya je,
jaki huɗu da kanwa.
Suka tare shi, suka auna ƙirjinsa da igiya,
suka ba shi kaki da bindigar da bai roƙa ba.
Naka kakan yana wancan gaɓar Binuwai.
Gabas ɗaya suka duba da asuba,
da Hausa ɗaya suka kira iyayensu.
Naka ya dawo da lambar yabo da ɗingishi.
Nawa ko jakinsa bai dawo ba.
In ban faɗi a filin nan ba,
ina kabarinsa?

Kumfa ta taso. Ya sa yatsa a wurin.

Bara ya tafi cirani Legas,
hular tana rataye a ƙusar shagonsa.
Mu talatin muka jeru, kara a kafaɗa,
gabanmu ba kowa sai kaji da tsohon allo.
Malam Jibo ya zaga da ita hannu-hannu,
kowa ya duba ƙasa kamar ya yar da kwabo.

Ni na karɓa.
Gwangwani ne, amma wuyana ya san an ɗora masa kaya.
Na ga Iya Tabawa ta kau da kai.
Ɗan ƙanena ya ɗaga kara ya ce tau,
na ba da gwiwa, na ba da kafaɗa.
Ban taɓa sanin ƙasar filin nan
tana da sanyi haka ba,
ko cewa daga nan ƙasa
guɗa wani sauti ne daban.